Tsohuwar Kat-kat: Kyan Fenti Ba Ya Hawan Dutsin Adar

A kowace shekara, da zarar an kwashe albasa a fadamun Tarka da Majiya, kuma ƴan ci-rani suka fara dawowa daga Abijan da Legas da Libiya domin aikin damina, sai cinikin tsofaffin motoci ya tashi a gundumomin Madawa da Buza da Keita. Motar da kowa yake buri ita ce doguwar nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda jama'a suke kira kat-kat. Ba don alfarma kaɗai ake son ta ba. Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san dalili. Hanyar kwalta ta ƙasa da ta fito daga Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa Madawa ta wuce abinta. Mai zuwa ƙauyukan Garhanga ko Ibohaman ko Tabotaki ko Alakai kuwa, da dutse zai yi fama, da gargada, da rairayin ƙorama, in damina ta sauka kuma da laka da ruwa mai gudu. A irin wannan ƙasa mota mai ƙarfi ita ce ke kai buhun albasa kasuwa kafin ya ruɓe, ita ce kuma ke kai mace mai naƙuda asibitin Galmi ko babban asibitin Tawa cikin dare.

Abin baƙin ciki shi ne yadda ake wannan ciniki. Mutumin da ya shekara biyar yana tara gumi a ƙasar waje yakan zuba miliyoyinsa cikin yini ɗaya, bisa shaidar ido da daɗin bakin dillali. Ya duba fenti, ya shafa kujeru, ya kunna rediyo, ya ji sanyin na'urar iska, ya biya. Alhali kuwa mutumin nan, in raƙumi ko doki zai saya a kasuwar Tamaske, ba zai taɓa yin haka ba. Sai ya buɗe bakin dabbar ya ƙirga haƙora, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, ya sa an zagaya da ita a gabansa, ya tambayi gidan da ta fito da irin aikin da ta yi. Wannan hikima ta kakanni ba ta tsufa ba. Mota ma tana da haƙora da kofato, sai dai a koyi inda suke.

Ya kamata a fara sanin daga ina waɗannan motoci suke fitowa. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici da ma'aikacin gwamnati, sai kowa ya koma ga waɗanda Turawa suka gama mora. Shekaru da yawa ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a koro su ta Malanbil da Gaya. Da aka rufe wannan iyaka a ƙarshen watan Yuli na 2023, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, tsada ta ƙaru. A shekarar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar da rahoto cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kaso mafi girma Afirka ya nufo. Hukumomin ƙasar Holan ma sun binciki waɗanda ake lodi daga tashoshinsu zuwa Afirka, suka tarar mafi yawansu sun shekara 16 zuwa 20, kuma da dama ba su da takardar shaidar lafiyar hawa hanya. Ma'ana, wadda ake kira "sabuwar shigowa" a filin sayar da motoci na Yamai ko Ƙonni, a can gidansu tsohuwa ce da aka yi wa sallama.

Wannan ba ya nufin duka matattu ne. Akwai nagari a cikinsu, waɗanda suka yi rayuwarsu bisa kwalta mai santsi, ana canza musu mai a kan lokaci. Aikin mai saye shi ne ya rarrabe, kuma agogon kilomita ba zai taimake shi ba. Babu abin da ya fi saurin yin ƙarya a jikin mota kamar wannan agogo; na da ana juya shi da hannu, na yanzu da kwamfuta, cikin ɗan lokaci kaɗan. Lissafi mai sauƙi ya isa ya tona asiri. Motar da ta shekara 15 amma agogonta yana nuna kilomita 90.000, tana cewa ke nan kilomita 6.000 take yi a shekara, wato wajen 16 a yini. Wa zai sayi babbar mota mai shan mai don ya riƙa irin wannan ƴar tafiya? Sai a dubi robar da ke kan abin taka birki da na kulac, a dubi sitiyari inda hannu yake kamawa, a dubi gefen kujerar direba inda yake zamewa ya sauka. Waɗannan ba su iya ƙarya ba. Akwai kuma wani tarko ga motocin Amurka: agogonsu da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa ya fi kilomita ɗaya da rabi. Wadda ta nuna 150.000 ta yi tafiyar kilomita wajen 240.000 ke nan, ko da babu wanda ya taɓa agogon.

Motocin Amurka suna da wata matsalar da ta fi wannan. Idan guguwa ta jawo ambaliya, kamar yadda aka yi a birnin Hustan na jihar Tekzas a 2017 inda dubban ɗaruruwan motoci suka nutse, kamfanonin inshora sukan biya masu su, su yi gwanjon gawarwakin, ƴan kasuwa su saya da araha su wanke su loda a jirgi. Haka ake yi da waɗanda suka yi mummunan hatsari. Motar da ta sha ruwa takan yi tafiya lafiya wata shida, sannan wayoyin lantarkinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya: yau fitila, gobe gilashin taga, jibi ta ƙi tashi gaba ɗaya. Alamarta ita ce warin danshi, da busasshiyar laka a ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa, da tsatsa a kusoshin da suka riƙe kujeru, wurin da ruwan sama ba ya kaiwa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ga wadda ta fito daga Amurka, duk ɗalibin da ya iya intanet zai iya neman tarihinta da wannan lamba a wayar hannu, wani lokaci har da hotunanta na ranar gwanjo. Kuɗin da za a biya don wannan bincike bai kai na taya ɗaya ba. Waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Turai kuwa, inda ake zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, ciwonsu tsatsa ce a ƙarƙashi. Dole mai saye ya kwanta ƙasa da tocila, ya ƙwanƙwasa ƙarfen shasi. In ya ga an shafe shi da sabon baƙin fenti mai kauri, ya tambayi kansa abin da ake ɓoyewa.

Amma duk wannan bincike na biyu ne. Tambayar farko, wadda ba a cika yi ba, ita ce: in motar nan ta lalace a Karofan ranar Talata, wa zai gyara ta, kuma daga ina kayan gyaran za su zo? A nan ne ƙarkon mota yake. Babu motar da ba ta lalacewa. Mai ƙarko ita ce wadda in ta kwanta yau za ta tashi gobe, domin makanikin Madawa ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kuma kayanta suna rataye a shagunan Ƙonni da Maraɗi, ko a kawo su daga Sakkwato da Kano cikin kwana ɗaya. Marar ƙarko ita ce wadda wani ɗan ƙarfe kamar yatsa zai zaunar da ita wata uku ana jiran saƙo daga Dubai, komai girman sunan kamfanin da ya ƙera ta.

Tarihin motoci a Adar ya tabbatar da haka. Dattawa suna tuna zamanin Land Rover, motar kumandan da ta ma'aikatan kiwo da na gandun daji, mai jikin gorar-ruwa da ba ya tsatsa. Suna tuna Peugeot 404 mai tamfol da ƙanwarta 504, waɗanda suka cika tashoshi musamman bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyaransu suka wadata a duk ƙasar Hausa. Waɗannan motoci sun daɗe ne saboda kowane gareji ya san su. Da kayan suka fara wuya, sai suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. A 1984, shekarar babbar yunwa, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya, aka yi madatsun ruwa, aka dasa itatuwa, aka fasa hanyoyin karkara a cikin duwatsu. A shekarar ne kuma kamfanin Toyota ya fito da Land Cruiser samfurin 70, wadda daga baya ta zama jakar ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji a duk Sahel. Injinta mai suna 1HZ, wanda aka fara ƙerawa a 1990, mai shan gazuwal ne, silinda shida, lita 4,2, ba shi da turbo, famfon mansa na ƙarfe ne zalla ba kwamfuta. Ba ya gudu, yana da ƙara, amma yana haƙuri da ƙura da zafi da man da ba shi da tsabta sosai. Wannan haƙurin shi ne ya yi masa suna.

To, sunan nan ya zama tarko shi ma. Yau in aka ce Toyota, mai saye yakan rufe ido ya ƙara kuɗi. Amma tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, Land Cruiser da Hilux masu yawa sun yi aikin da raƙumi ba zai yarda da shi ba: lodi ninki biyu, gangunan ruwa da na mai, mutane a bisa, cikin hamada ba dare ba rana. Wasunsu sukan gangaro kudu a yi musu kwalliya a sayar. Shasinsu ya tsage an yi walda, gadar bayansu ta lanƙwashe, injin ya sha ƙura har ya ƙoshi. Nissan Patrol ko Mitsubishi Pajero da ta yi zamanta a hannun mutum ɗaya mai kula ta fi irin wannan Toyota sau goma, muddin akwai kayanta kusa. Sai dai a tuna an daina ƙera Pajero a 2021, kayanta na asali za su riƙa raguwa da tafiyar shekaru. Tayoyin da suka cinye ta gefe ɗaya, ƙofar da ba ta rufuwa daidai, motar da ke karkata in an saki sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, duk suna ba da labarin abin da shasi ya gani.

Wani ruɗin kuma shi ne ɗaukar kowace doguwar mota a matsayin kat-kat. RAV4 da Highlander da ire-irensu an gina su ne bisa tsarin ƙaramar motar birni, ba su da shasi na dabam, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka da ƙafafun gaba kawai suke ja. Ga ma'aikacin da zirga-zirgarsa ba ta wuce Madawa zuwa Ƙonni da Tawa bisa kwalta ba, sun wadatar, sun ma fi sauƙin mai. Ga wanda zai riƙa ratsa kwarin Majiya da lodi a watan Agusta, sayen su zubar da dukiya ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin shi ne a sayar wa mutum rariya a ce masa ƙwarya ce.

Sai batun sababbin injunan gazuwal na Turai. Tun wajen 2009 dokokin Turai suka tilasta a sa wa motocin gazuwal matatar hayaƙi a cikin salansa, daga baya kuma aka ƙara wani ruwa na musamman da ake zubawa a tanki dabam. Waɗannan injuna suna fesa mai da matsanancin ƙarfi ta ramuka sirara ƙwarai, kwamfuta ce ke sarrafa kome. An yi su ne don mai mai tsabta ƙwarai. Tun 2011 Nijar tana tace manta a matatar SORAZ ta Damagaram, amma wanda yake ƙauye ya san ba kullum ake samun gidan mai kusa ba; sau da yawa abin da ke akwai shi ne na ƴan ruwa-ruwa, a kwalba ko jarka, wanda ƙura da ruwa ba su rasa shiga. Tsohon inji zai yi tari ya wuce. Sabon kuwa cokali ɗaya na ruwa yana iya kashe masa bakunan fesa mai, kuɗin canza su kuma yana iya cinye ribar albasar shekara.

Masu wani ra'ayi suna cewa wannan magana ta masu son zama a baya ce. Sun ce sababbin motoci sun fi tsare rai, suna da jakar iska da birkin da ba ya kullewa, sun fi ƙarancin shan mai da hayaƙi, kuma samarin makanikai suna koyon aiki da na'urar binciken kwamfuta. Gaskiya suka faɗa, kuma ranar tana zuwa da tsofaffin injunan za su ƙare, ko an so ko ba a so ba. Ya dace cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi su shirya wa wannan rana tun yanzu. Amma mai saye ba da gobe zai yi tafiya ba. In na'urar binciken da ta san motarsa tana Yamai, kusan kilomita 500 daga Madawa, to kowace fitilar gargaɗi da ta kama a gabansa tafiyar kwana biyu ce.

Idan an zo gwaji, kada a yarda da motar da aka riga aka ɗumama. A je da sassafe, a taɓa inji a ji shi da sanyi, sannan a tayar. Hayaƙi shuɗi yana nufin inji yana cin baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa yana iya nufin ruwa yana shiga inda bai kamata ba, kuma in aka buɗe murfin baƙin mai aka ga abu kamar kindirmo, magana ta ƙare. Zagayen gari ba gwaji ba ne. A ɗora mata mutane, a hau da ita tudu irin na hanyar Buza da tsakar rana, ido yana kan allurar zafi, domin a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, lagireto mai rauni shi ne ke fara kashe inji. A shiga rairayi a sa giyar ƙafa huɗu, babba da ƙarama, a tabbata suna shiga suna fita; motoci da yawa sun shekara goma a Turai ba a taɓa sa musu ita ba, wasu kuma an cire musu sandar da ke juya ƙafafun gaba don ɓoye lalacewa. Makanikin da zai duba kuwa ya zama na mai saye, wanda zai ci gaba da gyaran motar, ba wanda dillali ya kawo ba. Dillalin da ya ƙi a kai mota gareji ya riga ya ba da amsa.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani. Lambar da ke jikin shasi ta yi daidai da ta kartigiris da ta takardar duwan, harafi da harafi. Motar da ta shigo ta bayan gida daga Libiya ko Nijeriya tana da araha, har ranar da jandarmomi za su tsayar da ita.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne a kashe kuɗin duka a wurin saye. Tsohuwar mota, komai kyanta, tana zuwa da bashi: baƙin mai da matatu, bel ɗin da ke daidaita bugun inji, wanda in ya tsinke yakan farfasa kan injin, tayoyi, batir, robobin ƙafafu. Tayar ma tana da ranar haihuwa a rubuce a gefenta, alƙaluma huɗu, biyu na mako biyu na shekara, kuma tsohuwar taya mai kyan zane takan fashe a kwalta mai zafi. Mai miliyan tara da ya sayi motar miliyan shida ya ajiye uku, zai daɗe yana tafiya bayan wanda ya sayi ta miliyan tara ya jingine tasa. Kayan gyara na jabu kuma sun cika kasuwa. A wajen birki da sitiyari da bel ɗin inji, araha ba ta ado.

Maganar ta fi nauyi a kan ma'aikata da masu tafiyar da komin-komin, domin su da dukiyar jama'a suke saye. Wanda ya zagaya harabobin ma'aikatu da gidajen likita na karkara ya sha ganin motoci a ɗore bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu. Da yawansu ba tsufa ya kashe su ba. Wata kyauta ce daga wani gari na Turai, irin da babu mai kayanta a duk jihar. Wata an saye ta ba a ware ko dala ɗaya ta gyara ba a cikin kasafin shekara. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta kwanta ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, domin a daren da aka neme ta aka rasa, a amalanke za a ɗora maras lafiya. Ya kamata kafin komin ta saya ko ta karɓi kyauta, a tambayi makanikan gunduma, a zaɓi irin da maƙwabtan komin suke da shi don a riƙa taimakon juna da kaya, a kuma rubuta kuɗin mai da na gyara na shekara uku a gaban majalisa ko hukumar da ke riƙe da garin. In mai kyauta ya kawo abin da ba za a iya riƙewa ba, babu rashin kunya a roƙe shi ya canza.

Akwai kuma ɗan littafin nan da doka ta aiki ta tanada a cikin kowace motar ma'aikata, inda direba yake rubuta tafiya da mai da gyara. An mai da shi abin wasa, alhali shi kaɗai ne tarihin da motar take da shi. Motocin gwamnati da na ayyukan raya karkara da ake gwanjonsu in wa'adinsu ya cika suna cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan ƙasa, tun da don ita aka zaɓo su, amma mai saye ba ya sanin ko an canza musu mai kowane kilomita 5.000 ko kuwa sai ranar da aka tuna. Ya dace a wajabta miƙa littafin tare da makulli ranar gwanjo. Masu motocin kansu ma, musamman waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci, ba abin da zai hana su sayen kaye na ɗalibai su ajiye a aljihun mota, su riƙa rubuta kwanan wata da kilomita da abin da aka canza da sunan garejin da ya yi aikin. Ranar da za a sayar da motar, wannan kaye zai ƙara mata kuɗi fiye da sabon fenti.